Ƙarfen Na'urar 3D: A Tambaya Kafin a Saya

Tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, kayan gyaran motocin da ke ratsa Shuwak, tsakanin Gadarif da Kasala, suka yi tsada. Ba mamaki wata rana a tallata mana waɗanda na'urar 3D ke ƙerawa daga garin ƙarfe.

Irin wannan ƙarfe yakan fito da kaushi da ƙananan ramuka, inda tsagewa ke farawa idan mota ta daɗe tana jijjiga da lodin riɗi. Maganinsa shi ne a yi wa fatarsa luguden ƙananan ƙwallayen ƙarfe, kamar yadda ake yi wa sifirin mota, ta matse, tsagewar ta kasa ci gaba.

Muna kira ga 'yan kasuwa su tambayi dillali ko an yi wannan aiki kafin su biya. Araha ba ta ado, kuma ran direba ya fi riba.