Madarunfa: Kafin a sayi na'urar wifi, a fara duba rezo da wuta

A Madarunfa, kudu da birnin Maraɗi, masu son kallon Labarina ko Izzar So ta YouTube a talabijin na da zaɓi biyu: na'urar wifi mai ɗaukar layin 4G na Airtel, Moov ko Zamani, ko kuma Starlink da ya fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025.

Sai dai tsadar na'ura ba ta hana hoto maƙalewa in rezo ba shi da ƙarfi. Shi ya sa gwada layukan a waya, a cikin ɗakin da talabijin take, ya fi tambayar farashi muhimmanci. Ga kuma kuɗin data: kallon awa ɗaya da hoto garau na iya lashe har gigabait 3.

Babbar matsalar ita ce wuta. Jihar Maraɗi ta dogara da lantarkin Najeriya, wanda aka katse a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki. Starlink ya fi na'urar 4G cin wuta nesa ba kusa ba, don haka gidan da ba shi da sola, na'ura mai batir ta fi masa rufin asiri.