Kula da gandun daji: Darasi daga 'yan sa-kai na Doha

Kowa ya san Ƙatar ba ta da matsalar kuɗi, domin arzikin iskar gas ya wadata ta. Amma duk da haka ba ta bar kula da muhallinta a hannun ma'aikatan gwamnati kaɗai ba.

Tun a 1978 masu sha'awar tsirrai da tsuntsaye suka kafa ƙungiyar Qatar Natural History Group a Doha. A 1992 aka buɗe Cibiyar Abokan Muhalli, wadda daga 1999 ta fito da shirin zaɓen tsiro guda na ƙasar a kowace shekara. Sai a kwashi 'yan makaranta zuwa daji su gan shi da idonsu, su san sunansa da amfaninsa. Yaron da ya san sunan itace da wuya ya girma ya sa masa gatari. Daga 2017 kuma 'yan ƙungiyar DEAP, galibinsu baƙi 'yan ci-rani, suka shiga kwashe ledoji da robobi a gaɓar teku ba tare da an biya su ko sisi ba. Hukuma ta riƙe nata aikin na doka, kamar rufe gaɓar Fuwairit a lokacin da kunkurun teku ke saka ƙwai.

To, mu fa? A 2006 Gwamnatin Tarayya ta miƙa Yankari ga Jihar Bauchi, kuma a 2014 jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar WCS ta Amurka domin kare giwayen da suka rage. Madalla, sai dai ina matasan Alƙaleri da ɗaliban jami'o'in Bauchi a wannan aiki? Dajin Falgore na Jihar Kano kuwa, a shekarun baya sunan da ya yi na maɓoyar ɓarayin shanu ne, ba na wurin da ake kai ɗalibai ba.

Ba mu ce ɗan sa-kai zai maye gurbin ma'aikacin gandun daji mai ɗauke da bindiga ba. Tsaro haƙƙin gwamnati ne, kuma sai da shi sauran za su yiwu. Kiranmu ga gwamnatocin Bauchi da Kano shi ne su yi wa ƙungiyoyin abokan gandun daji rajista, su sa hakimai da makiyaya da mafarautan yankin a ciki, sannan su ware motar kai 'yan firamare ziyara ko sau ɗaya ne a kowane zangon karatu.