Zaɓen Fannin Karatu a Ƙauyukan Arewacin Kano

Zaɓen fannin da ɗalibi zai karanta a jami'a yana farawa ne tun daga aji huɗu na sakandare, lokacin da ake raba yara zuwa ajin kimiyya da na fasaha da na kasuwanci. A ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Kunci, sau da yawa rashin malamin kimiyya ne ke yanke wannan hukunci, yaron kuma ya bi abin da ya tarar. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana da manhajar IBASS a intanet. Ɗalibi zai shigar da sakamakonsa na WAEC ko NECO, ta nuna masa kwasa-kwasan da ya cancanta da darussa huɗun da zai rubuta a jarrabawar JAMB, Turanci na cikinsu dole. Amfaninta a fili yake, domin kuskure wajen haɗa darussa kan hana mutum gurbi ko da makinsa ya yi yawa. Sai dai yaron da ya dawo daga gona da yamma, ga waya ta aro ga ƙarancin data, yakan bar wa ma'aikacin cibiyar rajista zaɓin, ko ya ce likita kawai don haka ake so a gida. Ya kamata makarantu su buɗe manhajar a gaban ɗalibai tun kafin rabon aji, tare da malamin da ya san halin kowane yaro, a kuma nuna musu Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta kamar yadda ake nuna musu Jami'ar Bayero.