SHARHI: Abin da ke hana ɗaliban fasaha na Gwandu da Kalgo samun aiki

A Kalgo mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yake, kuma tafiya kaɗan ce daga nan zuwa Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru. Matasa biyu daga Gwandu za su iya shiga makarantun nan rana ɗaya, amma ranar neman aiki ba za a auna su da mudu ɗaya ba.

Shingen farko daga gwamnati ya fito. A tsarin aikin gwamnatin tarayya, mai takardar HND yakan tsaya a mataki na 14 in bai ƙaro karatu ba, alhali mai digiri na iya kaiwa mataki na 17. A 2021 Majalisar Tarayya ta amince da ƙudirin soke wannan bambanci, amma Muhammadu Buhari ya sauka a 2023 bai sa masa hannu ba. A shekarar ce hukumar NBTE ta fito da shirin ƙarin karatun shekara guda domin mayar da HND digiri, sai hukumar jami'o'i ta NUC ta ce ba ta amince da shi ba. A jihar da gwamnati ke cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata, wannan rufin yana tsayar da albashi, ya kuma rage fansho.

Shinge na biyu ƙarancin masana'antu ne. Manyan kamfanonin shinkafa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu ba za su iya kwashe masu kammala karatu kowace shekara ba. Saura sai su kama sana'ar kansu. A nan kuma mai walda ko gyaran lantarki yana bukatar jarin kayan aiki da wuta tsayayya. Wutar ba ta da tabbas, man janareta kuwa ya yi tsada tun cire tallafi a Mayun 2023.

Na uku shi ne ƙwarewa. Ɗalibin da ya koyi inji a allo, bai samu wurin horon SIWES mai kayan aiki a kusa ba, zai fito da takarda hannunsa bai faɗa ba. Mai gini kuwa aiki yake dubawa, shi ya sa a biranen Najeriya da dama ake ɗauko masu shimfiɗa tayil daga Benin da Togo.

Alhali aikin yana nan. Noman rani a fadamun Kebbi ya dogara da injinan ban-ruwa, masu amfani da sola ma suna ƙaruwa, kuma duk suna bukatar mai haɗawa da mai gyara.

Shirin koyar da sana'o'i da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2025 ya fi karkata ga jawo ɗalibai. Ranar fitarsu ce ke bukatar tsari. Gwamna Nasir Idris, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa, ba sai ya jira Abuja ba: jiha na iya gyara tsarin ƙarin girma na ma'aikatanta, ta sharɗanta wa 'yan kwangila ɗaukar ɗaliban gida horo, ta ba da rancen kayan aiki. Waɗannan ne tambayoyin da ya dace matasan Gwandu da Kalgo su ajiye wa masu neman ƙuri'arsu a 2027.