Iyakar Hannun Mai Ceto

Ka sani, ya kai mai karatu, kare rai halal ne, amma yana da iyaka. A watan Mayu na 2023, cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Niyok a Amurka, wani mai taɓin hankali, Jordan Neely, ya shiga yana ihu yana razana fasinjoji, alhali bai bugi kowa ba, ba ya ɗauke da makami. Sai Daniel Penny, tsohon soja, ya shaƙe shi ta baya har kusan minti 6, bai sake shi ba ko da jirgin ya tsaya mutane suka fita. Neely ya mutu. A Disamba 2024 kotu ta wanke Penny, waɗansu suka kira shi jarumi.

Kada ka bi su. Kotu ta wanke mutum daban, ya cancanci yabo daban. Kamun farko yana da uzuri, domin tsoron fasinjoji gaskiya ne. Amma malamai sun ce ana tunkuɗe mai farmaki da mafi sauƙi tukuna, kuma in barazana ta gushe, izini ya gushe. To, bayan ƙofofi sun buɗe, wa ake karewa? In ka miƙe domin ceton jama'a, ka tuna wanda ke hannunka shi ma rai gare shi.