Wa zai koya wa ɗan kasuwar Dakoro dabara?

A tarurrukan horo da ake shiryawa da Faransanci, an saba jin cewa ƙaramin ɗan kasuwa yana durƙushewa ne domin ba ya ƙirƙiro sabon abu. Wannan magana zalunci ce, kuma kasuwannin Dakoro da Sakabal sun isa su ƙaryata ta.

Da wayar salula ta shigo Nijar a 2001, ba wanda ya tara dillalan hatsi a aji. Su da kansu suka mayar da ita ma'aunin farashi, har binciken Jenny Aker ya nuna tazarar kuɗin hatsi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ɗan kabu-kabu da mai cajin waya da hasken rana su ma ba takardar shaida ta haife su ba.

Abin da ke kashe jari daban ne. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A 2023 takunkumin CEDEAO ya sake toshe hanya, aka kuma yanke lantarki. Wace dabara za ta ceci mai sayar da rago in hanyar Jibiya a rufe take?

Dabara tana tsawaita ran sana'a, amma ba ta maye gurbin bashi mai sauƙi da hanya buɗaɗɗiya. Aikin malamai da ƙungiyoyi shi ne su koyar da lissafin riba da rubutun bashi da Hausa, su daina maimaita zargin.