Buhun Hatsi Da Igiya, Ɗan Makaranta Da "Allah Ya Kiyaye"

Duk wanda ya san tashar Tanut ko ta Belbeji ranar kasuwa ya san yadda ake lodin mota. Ana fara jera buhunan hatsi da na wake a ƙasa, a ɗora jarkoki da tabarmi da katifu, a kawo igiya a ɗaure tamau. Yaron mota ya hau ya tattaka, ya ja igiyar ya ji ko akwai abin da ke motsi. In da akuya ko tunkiya a cikin kayan, ita ma sai an ɗaure mata ƙafafu. Bayan an gama duk wannan ne ake ce wa mutane su hau. A cikin abin da motar ta ɗauka kaf, mutum ne kaɗai ba a tanadar wa komai ba. Kuma a cikin mutanen, yara ne ake turawa can ƙololuwa, wai su marasa nauyi ne, ko'ina aka ajiye su za su zauna.

Wannan magana da ku nake, iyaye da malaman makaranta na Damargu, domin yaran nan namu ne. Su ne 'yan koleji masu komawa makaranta a watan Oktoba, su ne masu tafiya cibiyar jarrabawar BEPC, su ne ake kwasa zuwa wasan ƙwallo ko tarbar babban baƙo, su ne almajiran da ake lodawa bayan girbi. Mun saba ganinsu a saman kaya har abin ya daina ba mu tsoro.

Bari mu kwatanta kanmu da wasu mutane da suka ratsa ƙasarmu da mota don nishaɗi kawai. A ƙarshen watan Disambar 1978 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ƙaddamar da tseren Paris-Dakar. Tun zagayen farko ta Nijar aka bi, kuma shekara da shekaru Agadas da hamadar Tenere na cikin manyan zangunansa. A 1997 ma daga Dakar aka taso zuwa Agadas aka juya. An soke tseren a 2008 saboda matsalar tsaro a Muritaniya, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020. Masu wannan tsere manya ne da hankalinsu, su suka zaɓi kasada da kansu, har kuɗi suke biya don a bar su su shiga. Amma duk da haka doka ba ta bar su da zaɓinsu ba.

Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, tana da ƙa'ida a rubuce game da kejin ƙarfe da ake ginawa a cikin motar tsere. Aikinsa ɗaya ne: in mota ta wuntsila, kada rufinta ya lotsa ya danne na ciki. Ƙa'idar ba ta tsaya ga cewa "a sa ƙarfe" ba. Ta faɗi irin ƙarfen, wato bututu mara ɗinki. Ta faɗi girman babban bakan da ke bayan kan direba: faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko faɗin 50 da kaurin 2. Ta faɗi inda za a gicciya wasu bututun don ƙarfafa shi, da yadda za a kafa ƙafafunsa a kan faranti a jikin mota don kada su huda ƙasan su wuce. Bayan keji akwai kujera ta musamman, da bel mai kama kafaɗu da ƙugu, da hular kwano, da abin tallafe wuya, da abin kashe gobara. Kafin a tashi, masu bincike suna duba kowace mota ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba ta cika sharaɗi ba, ko ɗan sarki ne mai ita, ba ta tashi. Shi ya sa ake ganin motar tsere ta yi alkafura a kan tudun rairayi, ta ragargaje, mutum biyu su fito da ƙafafunsu suna kakkaɓe ƙura.

Ba yabon tseren nake yi ba. Kejin na ciki kaɗai yake karewa. A 2006 motocin da ke cikin ayarin tseren sun kashe yara biyu maza a gefen hanya, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal, kuma ba su ne na farko ba. Abin lura a nan shi ne, mutanen nan sun sa wa ransu daraja, sun mayar da ita doka. Mu fa, wace daraja muka sa wa ran ɗanmu?

Wani zai ce ai motocinmu ma suna da ƙarfe. Gaskiya ne, kusan kowace Hilux ko Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da ke jigila a ƙauyukan Tarka, Gangara, Olelewa, Falanko da Tenhiya an kai ta wurin mai walda ya ɗaga mata ƙarafa a gefe da sama. To amma don wa aka yi su? Don kaya. An yi su ne don mota ta ɗauki fiye da abin da masu ƙera ta suka tsara, a sami wurin ɗaure igiya, a sami wurin rataya jarka. Wannan ƙarfe ba ya hana mota kifewa, ƙara mata saurin kifewa yake yi. Duk lokacin da nauyi ya hau sama, mota na zama kamar jakin da aka yi wa dogon lodi: ɗan tuntuɓe kaɗan, sai ƙasa. Taya ta fashe, ko direba ya kauce wa rami ko raƙumi, ko ƙafa biyu su faɗa yashin gefen kwalta, motar da da ta yi tangal-tangal ta miƙe, sai ta kwanta. In ta kwanta, na sama ne ke fara tashi, kaya da ƙarafan su biyo su.

Kuma kada wani ya fahimci cewa maganin shi ne mu je mu walda wa motocin kasuwa keji irin na 'yan tsere. Keji ba tare da bel da hular kwano ba wani makami ne, domin kan mutumin da ba a ɗaure ba shi zai je ya daki ƙarfen. Wannan ne ya sa kamfanin Porsche ya yi shekaru yana sayar da motarsa 911 GT3 RS da keji a Turai, amma a Amurka ba ya sa mata shi daga masana'anta, saboda dokokin can na kare kan mutum a cikin motar da ke hawa titi. Dubi yadda ake taka-tsantsan da kan attajiri guda a cikin motar alfarma. Mu kuwa mun jera yara goma sha a tsakanin tsiraran ƙarafa, mun ce su riƙe da kyau.

Riƙo da kyau ba ya aiki, kuma malamin lissafi na koleji zai iya nuna haka a allo cikin minti biyar. Jikin da ke tafiya da gudun kilomita 60 a awa, in ya daki ƙasa ko itace, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita 14. Mutanen Damargu sun san zurfin rijiya: kusan gaba takwas ke nan. Akwai uban da zai zaunar da ɗansa a bakin rijiya mai gaba takwas, ƙafafu na lilo a ciki, na tsawon awa uku, ya ce masa ya riƙe da kyau? To abin da muke yi ke nan, sai dai rijiyar ba a ganinta. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 kowace shekara, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a. Sannan a tuna cewa daga Tanut zuwa babban asibitin Damagaram kusan kilomita 150 ne, balle wanda ya faɗi a hanyar yashi can cikin daji. Yaron da kansa ya fashe ba shi da wannan lokacin.

Na san amsoshin da za a ba ni, guda uku ne.

Ta farko: babu wata mota. Wannan gaskiya ce a ƙauyuka da dama, inda in ba ranar kasuwa ba ba a ganin ƙurar mota. Amma ko a cikin wannan mota guda akwai wuri mai dama da mara dama. Akwai gaban mota, mai rufi da kujera da bel. Wa ke zama a can? Mai kuɗin biya, babban mutum, sau da yawa uban yaron da ke can sama yana shan iska. Muna kiran wannan ladabi. Ladabin da ke sa babba a inuwa ya sa yaro a bakin mutuwa yana bukatar a sake duba shi.

Ta biyu: talauci. Talaucin bai hana mu sayen igiyar ɗaure buhu ba. Bai hana a yi hayar mota sukutum don kai amarya ba. Makarantar da ta iya tara kuɗin rigunan ƙwallo za ta iya tara na sawu biyu maimakon ɗaya.

Ta uku: ƙaddara, in kwana ya ƙare ya ƙare. Ba mai jayayya da wannan. Amma mai faɗin haka bai taɓa barin buhunsa ba ɗauri ya ce in rabonsa ne zai iso ba. Yana kulle shagonsa, yana dabaibaye raƙuminsa, yana yi wa shanunsa allura. A kan yaro ne kaɗai tawakkalinsa ke cika fal. Wannan ba tawakkali ba ne, sakaci ne aka naɗa wa rawani.

Ƙasashen da suka rage wannan mutuwa ba su da wata laya. A 1959 injiniyan Volvo, Nils Bohlin, ya fito da bel mai kama kafaɗa da ƙugu, kamfanin ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. A wannan shekara ƙasar Suwidin ta wajabta sa bakan kariya a kan sababbin taraktoci, mutuwar manoma a ƙarƙashin kifaffiyar tarakta ta ragu ƙwarai. Ƙa'ida aka sa, aka tsaya a kanta. Mu ma muna da kundin dokokin hanya, muna da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER, muna da shingayen jandarma a kan hanyar Damagaram zuwa Agadas. Amma mota na isowa shinge da yara a saman kaya, a duba takardu, a ɗaga igiya. Takardar tana hannu, yaran suna sama, ido bai kai can ba.

Ba sai mun jira Yamai ba. Kowace makaranta na da kwamitin gudanarwa na CGDES, da ƙungiyar iyayen yara, da ta iyaye mata. A zamansu na farkon shekara za su iya rubuta sharuɗɗa kaɗan, kowa ya sa hannu. Duk tafiyar da za a yi da sunan makaranta, ba ɗalibin da zai hau saman kaya ko ya zauna a kan ƙarfen gefe. In babu mota sai mai buɗaɗɗen baya, to a sauke kaya, yara su zauna a ƙasan bodi, a ƙidaya su, ƙanana su shiga gaba, malami ya zauna a baya tare da sauran, kuma ba tafiyar dare. Daraktan da aka ce ya kawo yara tarbar baƙo ba a ba shi motar kirki ba, ya sami takardar da zai nuna ya ce iyaye sun hana. Magadan gari su zauna da ƙungiyar direbobi a ware sawun 'yan makaranta a ranakun komawa da na jarrabawa. Malamai kuma su koyar da lissafin rijiyar nan a aji, domin yaron da ya gane shi yau, shi ne direban gobe.

Direba ba abokin gaba ba ne, yana neman abincinsa ne, kuma abin da muka yarda da shi yake lodawa. Ranar da iyaye biyar suka sauke 'ya'yansu daga saman mota suka ce ba za su tafi a haka ba, ranar lodi zai canza salo. "Allah ya kiyaye hanya" addu'a ce mai kyau, kada mu daina yin ta. Amma mu yi ta bayan mun ba ɗanmu aƙalla irin kulawar da muka ba buhun hatsi.